Lamba Ashirin da Uku Ta Ce Ba Komai

Ranar Talata, 13 ga watan Fabrairu 2018, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, Mma Awabu ta fara ganin Latifa. Tana zaune a gefen Filin Maiturare, cikin unguwar Nima ta birnin Akra, tana kankare gindin tukunya da toka da soso, sai ga wata budurwa ta fito daga lungun da ke bin babbar gota, riƙe da takardu, da kati rataye a wuya. Ta yi sallama, ta rusuna yadda ya kamata. Ta ce sunanta Latifa, daga wata ƙungiya take mai gyara wa unguwanni wuraren shan iska, kuma kakarta ma 'yar Nima ce, ko da yake ita a Kokomlemle ta tashi.

"Mma, 'yar tambaya ce zan yi muku. Tun yaushe kuke zuwa wannan fili?"

"Tun ban san damana da haguna ba."

Latifa ta duba takardarta, ba ta ga gurbin wannan amsa ba, sai ta ja layi a inda aka rubuta fiye da shekara goma.

"To, me kuke yi a nan?"

Mma Awabu ta dubi tukunyar da ke tsakanin ƙafafunta. Ta waiwaya ta dubi duwatsun murhu ashirin da ɗaya da ke jere a jikin katanga, sun yi baƙi ƙirin. Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, 'yata. Muna dai ɗan taɓawa."

"Yoo," in ji Latifa, ta rubuta. Sannan ta nuna Ƙaltume, ƙawar Mma Awabu, wadda ke tsince shinkafa a faifai. "Wannan Mma ɗin fa, shi ma nan yake zaune?"

Ƙaltume mutuniyar Dogon Dutsi ce ta ƙasar Nijar. Shekararta talatin a Akra, wanda ita take kira Ankara, amma harshenta bai lanƙwasu ba. Ta ajiye faifai ta ce, "Shi? Ku 'yan Ankara ba ku bar komai ba, har mace kun mayar namiji. Rubuta ki ce ni ma ba komai, tunda shi ake yayi."

Aka yi dariya har da Latifa. Ta yi godiya ta wuce gida na gaba. Ganawar duka ba ta kai minti biyar ba.

An haifi Mma Awabu a Nima a 1958. Mahaifinta Issifu falken goro ne, jikan wani Bakano da ya biyo hanyar Salaga bai koma ba. Mahaifiyarta ita ce mai girkin taro a unguwar: in an haihu, ko an ɗaura aure, ko an yi rashi, ita ake aika wa. Awabu tana 'yar shekara tara aka fara ba ta tsaron wuta. Da uwar ta rasu a 1989 ta gaji tukwane biyar na dalma, daga baya ta ƙara biyu, suka zama bakwai, babbar cikinsu tana cinye buhun shinkafa rabi. Mijinta direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, ya rasu a 2004, ya bar ta da 'ya ɗaya, Salwa, wadda ke aure a Kasoa. Abin da take ci da kanta shi ne wake da shinkafa da take sayarwa a bakin titi daga asuba zuwa ƙarfe tara. Girkin aure da na suna akan ba ta abin da ya sauwaƙa. Na gidan mutuwa kuwa ba ta taɓa karɓar ko goro ba.

Shi kuma filin, asalinsa gidan wani tsoho ne mai sayar da turare, wanda bai bar magaji ba. Gidan ƙasa ne, ruwan sama ya rushe shi. Kafin tsohon ya rasu ya faɗa a gaban liman cewa kada a sake gini a wurin, a bar shi mai rai ya sha iska, mamaci ya sami inda za a ajiye shi a sallace shi. Tsawonsa ƙafa saba'in da biyu, faɗinsa arba'in da shida. A cikin gidaje arba'in da 'yan kai da suka kewaye shi, babu lungun da ya wuce ƙafa huɗu, kuma nan kaɗai ne za a iya juya makara ba tare da an karkata ta ba. A shekarar 2017, bisa ga abin da liman ya rubuta, an yi jana'iza goma sha bakwai a filin, suna ashirin da tara, aure goma sha ɗaya. Mma Awabu ce ta hura wutar duka, ban da uku da ta yi zazzaɓi.

Wannan ita ce matar da ta ce ba komai.

Duk wanda ya tashi a Zango, wato unguwannin Hausawa irin su Nima, ya san abin da take nufi. Mutum ba ya zama a gaban baƙo yana ƙirga alherinsa. Girkin gidan mutuwa ba sana'a ba ne da za a faɗa, lada ne, kuma mai faɗin ladansa yana zubar da shi. Ban da haka, tun tana yarinya ta san mai takarda a hannu ba ya shigowa Nima sai da ɗayan biyu, haraji ko rusau, saboda haka ana rage masa magana. Ba komai gaisuwa ce, ƙofar zance ce. Mai hankali in ya ji ta sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce, to waɗannan duwatsun fa na mene ne? Latifa ba ta zauna ba. Tana da gida arba'in da za ta shiga kafin azahar.

Mutanen ƙungiyar sun dawo sau uku suna ƙirga masu amfani da filin, Talata biyu da Alhamis ɗaya, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Abin da suka samu shi ne masu wucewa, da awaki shida, da igiyoyin shanya waɗanda suka rubuta a matsayin cunkoso. Ba su taɓa zuwa Asabar ko Lahadi ba, ranakun biki. Mutuwa kuma ba ta dace da ranakunsu ba.

Ranar Lahadi, 25 ga Maris, aka yi taron jin ra'ayin jama'a a harabar masallaci bayan la'asar. Da lasifika aka yi shela, aka ce magidanta su tsaya. Maza talatin da huɗu suka tsaya, mace ko ɗaya babu sai Latifa da ke riƙe da hoton tsari. Shugaban kwamitin unguwa, Alhaji Jibirilu, mai shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai, shi ya yi magana a madadin kowa. Hoton ya nuna ciyawa kore shar, da bencina, da daɓen bulo ja, da shingen ƙarfe, da yara masu tsabta suna lilo. Aka tafa.

A daidai wannan lokaci Mma Awabu tana filin, taku sittin daga masallacin, da tukwane huɗu a wuta, ana sunan jikan ladan. Hayaƙinta ya shiga harabar, shugaban ƙungiyar ya yi tari, ya ce irin wannan ƙazantar iska ce suka zo magancewa. Da aka sauke, ta aika musu da manyan faranti biyu na shinkafa da miya, don ta ji an ce akwai baƙi. Sun cinye tas. An rubuta godiya ga matan unguwa a ƙarshen bayanin taron.

Labarin da ya iso wa mata shi ne za a gyara fili. Mma Awabu ta ɗaga hannu ta yi hamdala. A ranta ta riga ta ga famfo a kusurwar gabas, ba sai an yi ta jigilar ruwa daga titi ba, da rumfar kwano a kan murhu saboda damina, da 'yar magudana ta zubar da ruwan wanke-wanke. Shekara ashirin tana roƙon waɗannan abubuwa uku.

Ranar Litinin, 5 ga Nuwamba, ta dawo daga tallar safe ta tarar an kewaye filin da kwano. Duwatsunta an tsince su an zuba a bakin gota tare da shara. Ba ta ajiye kwanon da ke kanta ba ta nufi gidan Alhaji Jibirilu, ta same shi zai shiga mota.

"Jibirilu!"

Rabon da wani ya kira shi ba Alhaji tun da ya sauka daga Makka. Ya juyo da fara'a. "Yaya Awabu, ina kwana? Kin ga aiki ya fara ko?"

"Na ga an zubar da murhun uwata a gota. Wa ya ba da wannan izini?"

"Haba Yaya, wurin shaƙatawa za a yi. Ai ba a hura wuta a kan daɓen bulo."

"To ina zan hura?"

"Za a duba."

"Wa zai duba? Kai? Ranar aurenka a ina aka dafa? Ranar da aka kwantar da mahaifinka, mutum ɗari uku suka zo daga Kumasi da Ashaiman, a cikin motarka na dafa musu?"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Alhaji ya ga abin zai zama kallo, sai ya shiga gida ya fito da rahoton ƙungiyar, mai bango mai sheƙi. Ya buɗe shafi na goma sha ɗaya ya sa yatsa.

"Yaya, kada ki ɗora mini laifi. An tambaye ku. Ga shi nan da Turanci, bari in fassara miki. Lamba ashirin da uku, mace, shekara sittin, an same ta a filin. Me take yi a wurin? Ba komai. Ba ke ba ce?"

Mma Awabu ta dubi inda yatsansa yake. Ya ci gaba:

"Mutum arba'in aka tambaya, ashirin da shida suka ce ba komai. Shi ya sa aka rubuta filin banza ne, ba mai amfani da shi. Da bakinku kuka faɗa."

"Kai ma da ka sha nonon Zango," ta ce a hankali, "kai ma ka karanta wannan ka yarda?"

Ya rufe rahoton ya ce yana da kwastoma na jira. Ta tsaya tana kallon motar har ta fita lungu. Abin da ya fi ƙona mata rai ba ƙaryar da aka yi mata ba ce, don ba a yi mata ƙarya ba. Maganarta ce aka ɗauka aka yi igiya da ita aka ɗaure ta. Ta koma bakin gota ta tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ita da Ƙaltume, suka jibge su a ƙofar ɗakinta. Goma sha tara suka samu.

An buɗe wurin ranar Asabar, 27 ga Afrilu 2019, da kanofi da kujerun roba da masu ɗaukar hoto. Abincin taron daga wani gidan abinci na Osu aka kawo shi cikin 'yan robobi. An kafa allo a ƙofa mai ɗauke da dokoki: ba a hura wuta, ba a shanya, ba a shigo da dabba, ba a taro sai da izinin kwamiti, ana buɗewa ƙarfe huɗu na yamma a rufe ƙarfe shida. Mabuɗin yana hannun Alhaji Jibirilu. An sa famfo, amma na ban-ruwan ciyawa ne, kuma yana cikin shinge.

Daga Nuwamba zuwa wannan lokaci, da kuma bayansa, a lungu Mma Awabu take girki. Takan ɗora katako da tsohon kwano a kan ƙaramar gota ta kafa murhu ɗaya, don biyu ba sa shiga. Abin da take gamawa cikin awa uku ya koma awa takwas. Wuta ta baƙanta katangar mutane, suka yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Mai wucewa sai ya manna da bango, in mace ce ta tattare zane. Sau biyu aka yi suna baƙi suka watse ba a sauke ba. Jana'iza kuwa sai an fita da gawa babban titi, a tsayar da trotro, direbobi suna ta matsa hon har a idar da sallah.

Wata rana suna cikin hayaƙi, warin gota yana tasowa ta ƙarƙashin tukunya, Ƙaltume ta goge ido ta ce, "Awabu, ciyawa ta sami gida, 'yan Adam suna bakin masai. Ki ji da kyau, in na riga ki, kada ki dafa wa dangina abinci a kan wannan ƙazanta. A ce a Dogon Dutsi an ci sadakata da ƙudan gota? Gara su koma da yunwa."

"Rufe mini baki, ke da za ki binne mu duka."

Ba ta binne kowa ba. Ranar Alhamis, 18 ga Yuli, Ƙaltume ta yanke jiki ta faɗi bayan sallar asuba, kafin a sami tasi rai ya yi halinsa. Kafin ƙarfe tara 'yan Nijar sun fara sauka daga Madina da Ashaiman da Agbogbloshie, maza da mata, lungu ya toshe har titi. Ana yayyafi. Mma Awabu ta taya wanka, ta fito ta aika a karɓo mabuɗi. Aka ce Alhaji ya tafi shago. Aka kira shi a waya, ya yi ta'aziyya, ya ce jana'iza dai za a iya yi a titi kamar yadda aka saba yanzu, girki kuma doka ce, ba shi ya kafa ta ba, kuma shugabannin ƙungiya za su zo duba wurin a ƙarshen wata.

Mma Awabu ta shiga ɗaki ta ɗauko gatarin faskare. Shekararta sittin da ɗaya, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Ta ratsa cikin mutane, ta tsaya a ƙofar shingen, ta yi bisimilla. Sara na huɗu kwaɗon ya faɗi.

"Ku shigo da ita," ta ce wa maza.

Suka dubi juna, suka dubi liman. Liman ya gyara rawaninsa ya shiga gaba. Aka ajiye makarar a kan ciyawa, aka yi sahu tara. Da aka wuce da ita maƙabarta, mata suka yi layi suna miƙa wa juna duwatsu daga ƙofar ɗakin Mma Awabu har kan daɓen bulo. Murhu shida aka kafa. Kafin masu rakiya su dawo abinci ya nuna, kowa ya ci ya ƙoshi, aka zuba wa na nesa a leda. Kwana uku wuta ba ta mutu ba.

Ranar sadakar uku Latifa ta zo, Alhaji ne ya kira ta. Ta tsaya a ƙofa tana kallon daɓen. Bulo ya tsattsage a wuri shida, ciyawa ta kwanta ta zama taɓo, an ɗaura igiya daga lilo zuwa shinge an shanya tabarmi. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ƙaraso ta durƙusa ta yi gaisuwar rashi, sannan ta kasa daurewa.

"Mma, shekara biyu muka yi muna neman wannan aikin don Nima. Unguwanni shida suka nema, na yi faɗa aka kawo nan, saboda kakata. Yanzu me zan gaya musu?"

Mma Awabu tana tuƙa tuwo, ba ta saki muciya ba. "Ki gaya musu an yi mutuwa."

"Amma na tambaye ku! Da ƙafata na zo. Kuka ce ba komai. Ni abin da kuka faɗa na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba."

"Wace ce kakarki?"

"Hajiya Nasiha, ta gidan mai gishiri."

"Nasiha doguwa? Allah ya jiƙanta. A nan aka sallace ta, can inda kuka kafa wancan benci. Ni na dafa. Kina nan?"

"Ina makarantar kwana."

"To. Lokacin da take ciwo, in kin je gaishe ta kin ce Kaka yaya jiki, me take cewa?"

Latifa ta ce, "Da sauƙi."

"Har ranar da ta mutu da sauƙi take cewa. Sai ki tafi ki rubuta ta warke?"

Matan da ke kusa suka daina abin da suke yi.

"Kin same ni da tukunyar da za ki iya wanka a ciki," in ji Mma Awabu, murya tana tashi. "Duwatsu ashirin da ɗaya a bayana, baƙi ƙirin. Ba ki da ido? Da Bature ne ya zo, ko wani daga can unguwar masu kuɗi wanda bai san mu ba, sai in ce baƙo ne, makaho ne ko da idonsa. Amma ke kin yi mana sallama da Hausa. Saboda ke muka saki jiki. Kin ɗauki kunyarmu kin kai ofis an buga mata hatimi."

"Fom ɗin ba shi da wurin..."

"Fom! Shi ya haife ki?"

Latifa ta sunkuyar da kai. Mma Awabu ta ɗauki mara ta kwashe tuwo malmala biyu, ta zuba miyar kuka, ta tura mata kwanon.

"Ci. Sadakar wadda kika ce wa 'shi' ce."

Ta zauna a bakin bencin ta ci. Da ta gama ta fito da takarda ta ce tana so ta sake tambaya, a faɗa mata duka. Mma Awabu ta ce yau ranar Ƙaltume ce, ba ranar takarda ba, ta dawo jibi. Ta dawo kuwa. Ta zauna awa uku, ta cika shafi tara, ta zana famfo da rumfa da magudana a kusurwar gabas, ta kai wa shugabanninta. Amsar da aka ba ta ita ce an rufe aikin Nima tun watan Afrilu, an miƙa shi ga kwamitin unguwa, ƙungiya ta wuce wata unguwar.

Kwamiti ya zauna ranar Lahadi, 28 ga Yuli. Wannan karon an kira Mma Awabu, mace ta farko da ta taɓa zama a cikinsa, amma a matsayin wadda ake tuhuma. Mata goma sha huɗu suka rako ta suka tsaya a waje. Wani ya ce a kai ta ga 'yan sanda, liman ya ce to a haɗa da shi, tunda shi ya ja sallar. Maganar ta mutu a nan. Bayan doguwar muhawara Alhaji Jibirilu ya karanta abin da aka yanke: an yafe ɓarnar da aka yi, za a sa sabon kwaɗo, an yarda a riƙa jana'iza a ciki in an sami mai mabuɗi, girki kuma an yarda da shi a kusurwa ɗaya, murhu biyu, da gawayi ba itace ba, bisa sharaɗin a rubuto takardar neman izini kwana uku kafin ranar.

"Kwana uku," in ji Mma Awabu. "To Jibirilu, sai ka rubuta wa Mala'ikan mutuwa, ya riƙa sanar da ni da wuri."

Wasu suka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Ya ce Yaya ta yi haƙuri, tsari ne, ko'ina a duniya haka ake yi, kuma an yi mata sassauci.

"Sassauci a filin da mai shi ya bar wa gawa? Uwata ba ta nemi izini ba, ni ma ba zan nema ba. Ba zan tsaya a ƙofar shagonka da takarda ina roƙon in ciyar da masu makoki ba. Ku riƙe ciyawarku."

Ta tashi ta fita, matan suka bi bayanta.

Ba ta taɓa rubuta takardar ba. Wasu matan sun gwada sau huɗu a wannan shekarar, sau biyu aka samu, sau biyu Alhaji yana tafiya da mabuɗi a aljihu. Murhu biyu na gawayi ba sa ciyar da mutum ɗari, saboda haka masu hali suka koma yin odar abinci a robobi, marasa hali kuma suka rage gayya. Mma Awabu ta ci gaba da girki a lungu ga wanda ya matsa mata, har watan Janairu 2020, ranar da katakon da ke kan gota ya karye, tukunyar miya ta kife mata a ƙafar dama. Ta yi mako biyar a asibiti.

Da aka sallame ta, Salwa ta zo ta tafi da ita Kasoa. Tukwane uku ta raba wa matan unguwa, huɗu ta tafi da su. Tana can har yanzu a gidan surukinta, tana tafiya da sanda, tana koya wa matan wata sabuwar unguwar Zango girkin taro a wani kangon fili da mai shi bai fara gini ba. Sau biyu ta zo Nima gaisuwar mutuwa, kuma duka biyun ta bi ta bayan masallaci, hanya mai nisa, don kada ta wuce ta gaban shingen.